Mamacin da Yake Sa Hannu a Rajista

Kun gan ta! Kada wani ya ce bai gan ta ba. Kun wuce ta a bakin tashar Kankia, mace mai hijabi ruwan toka, rungume da fayil kamar mai rungume da jariri, kuka kawar da kai kuka ci gaba da cinikinku. Sunanta Malama Rahamatu. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare bayan Kaikai, kuma a lokacin nan, a takardun hukumar ilimi, ta daɗe da rasuwa.

Ga yadda aka kashe ta tana numfashi. Mijinta, Malam Abdullatif, shi ma malami ne a makarantar, ciwon hanta ya ɗauke shi ana saura kwana uku sallah. Ta shiga takaba. A cikin wata huɗu da kwana goman nan ne ƙungiyar malamai ta zauna da hukuma kan ƙarin girman da aka hana su shekara shida. Hukuma ta yarda, amma da sharaɗi: a tantance malamai, a cire matattu da na bogi, ƙungiya ta sa hannu a kan sunayen da suka rage. Sakataren reshen ƙungiyar kuwa shi ne Ɗanmaliki, yayan mijinta uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo ya tsaya a soro, murya a raunane.

"Kar ki fito, Rahamatu. Mai takaba ba ta yawon ofis. Miƙo katin aikinki da nashi, ni zan kai takardar rasuwar."

Ta miƙa tana hawaye, tana sa masa albarka...

Ranar da ta fita takaba ta koma makaranta da safe, ta ja rajistar malamai za ta sa hannu. Sai ta ga an ja wa sunanta layi da jan biro, an rubuta "ta rasu". A samansa kuma ga sunan Abdullatif, ga sa hannunsa na jiya, na shekaranjiya, na yau ɗin nan, ƙarfe takwas saura kwata, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba! Ta waiwaya ta dubi kujerarsa. Babu kowa, sai labulen taga da ke motsi. Ta juya wajen hedimasta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hedimasta, wa ya rubuta wannan?" Hedimasta ya ƙura wa kalandar bango ido, kamar iska ce ta yi magana.

Daga ranar babu malamin da ya ƙara amsa sallamarta. Ɗanmaliki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gargaɗe su cewa in aka taɓa jerin sunayen nan yarjejeniya ta rushe, jiran shekara shida ya tashi a banza. Ta zauna a benci, a tashi. Ta yi magana, a ci gaba da hira ta saman kanta. Yara suka ji manya na raɗe-raɗin an rubuta ta mutu, suka riƙa watsewa in ta doso aji, har wata uwa daga Dudunni ta zo ta janye ɗiyarta, wai ba za ta bari fatalwa ta koyar da ita ba. Albashi ya tsaya. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da gadon ƙarfen aurenta, 'yarta Rauda ta kwanta zazzaɓi babu abin sayen magani. Akwai ranar da Rahamatu ta tsaya gaban randa tana leƙen fuskarta a ruwa, don ta tabbatar tana nan...

Ta je gidan Ɗanmaliki ta durƙusa. "Yaya, mi na yi maka? In ni ba ka tausaya mani, ka bar ƙanenka ya kwanta mana! Kullum shina sa hannu, ni da na ga an fita da shi a makara!"

"Ke dai kin cika gaggawa," ya ce yana sakace. "Malami ɗari huɗu za ki hana ma ƙarin girma saboda layi guda? Bari a sa hannu tukuna, in an gama sai a tashe ki."

Ta fito tana kuka, ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, Kai ne shaidar ina raye!"

Ranar sa hannu, da hantsi, malamai suka cika wani zauren taro a Kankia. An hana Rahamatu shiga, ta tsaya a taga. Jami'ar da hukuma ta turo, Madam Funke, mace mai gilashi da Hausa a baki kamar a nan aka haife ta, ta ce ba za ta karɓi takardar ba sai ta kira kowane suna mai shi ya amsa. Aka yi ta kira. Can ta ce, "Abdullatif Kabo!"

"Ina nan."

Daga bayan zauren wani dogo ya miƙe, cikin shuɗiyar rigar marigayi, har da ɗinkin aljihun da Rahamatu ta yi da hannunta. Ta ƙwalla ƙara wadda ta sa tsigar jikin kowa ta tashi. "Rigar mijina! Wayyo Allah, rigar mijina ce!"

"Mahaukaciya ce, ranki ya daɗe," in ji Ɗanmaliki.

Madam Funke ta cire gilashi. "Wa ya san matar nan?"

Mutum ɗari huɗu, masu koya wa 'ya'yanmu gaskiya, kowa ya sunkuyar da kai! Sannan Malam Jaji, tsohon malamin makarantarsu da saura wata uku ya yi ritaya, wanda ya fi kowa buƙatar ƙarin girman nan, ya dafa sanda ya tashi, gemunsa jiƙe da hawaye.

"Ni na yi ma Abdullatif wanka. Ni na ɗaure mashi haɓa da hannuna wanga. Kuma ni ne na ƙi amsa sallamar matarshi wata biyar. Rahamatu, ɗiyata, wa alaikumus salam... ki yafe mani."

Wata malama ta miƙe tana shessheƙa, wani ya bi ta, har zauren ya tashi tsaye. Dogon nan ya tuɓe rigar ya nufi ƙofa aka riƙe shi. Ashe ɗan acaɓa ne da Ɗanmaliki ya ɗauko yana sa hannu a madadin marigayi, shi kuwa Ɗanmaliki yana cin albashin ƙanensa mamaci. Daga zauren 'yan sanda suka wuce da su, hedimasta ma, da ya rufa musu asiri, ya rasa kujerarsa. Yarjejeniyar ta ƙara wata biyu kafin a sa hannu, amma ta fito da sabon sharaɗi: ba a sake soke sunan malami sai shi ko magajinsa ya tsaya gaban kwamiti. Rahamatu ta koma ajinta, Rauda ta warke, aka biya marayu haƙƙin ubansu.

To kai malami, kafin wakilinka ya sa hannu da sunanka, ka tashi a taron reshe ka ce a karanta jerin da ƙarfi, suna bayan suna. Duk wanda aka soke, ka tambaya: wa ya je jana'izarsa? In an rasa mai amsawa, kada ka zauna!