Ragon Hajja Ijju

Ranar jajibirin Babbar Sallah, bayan la'asar, Hajja Ijju ta zagaya bayan tantinta da kwanon ruwa, ta tarar da igiya ba rago. Ihun da ta kurma har masu wanka a bakin teku sai da suka ji shi.

Zangon tantunan da ke gefen garin Mirleft katanga ce ta zagaye shi, ƙofa ɗaya tal. Duk shekara mutanen Tarudant da Marrakish kan gudo wa zafin garuruwansu su tare a nan, da dardumansu da tukwanen gas da surukai. Bana Sallah ta faɗo a tsakiyar hutu, don haka kowa ya taho da ragonsa ya ɗaure a bayan tanti.

Ajudan Tahar, jami'in jandarma, ya iso ransa a ɓace. Matarsa ta riga ta ɗaure kaya, za su tafi Tafrawut su yi Sallah wajen mahaifiyarsa, wayarsa kuma sai ruri take yi a aljihu. Shi dama mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. A tsaye yake shan shayi, a tafe yake tambaya.

Manajan zangon, Si Driss, ya tare shi da hukunci a shirye.

"Ba sai ka wahala ba, Ajudan. Ƙofa ɗaya ce, mai gadi ɗaya ne. Rago kuwa ba shi da fiffike."

Mai gadin, Mbarek, yana tsaye kusa da ƙarfen ƙofa da ake ɗagawa mota ta wuce, ya damƙe hularsa a hannu. Dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kamfanin gwangwanin kifi na Sidi Ifni, har ranar da aka sallame su. Tun sanyin bara yake zaryar neman gadin nan. Da ƙyar mai zangon, wani attajiri da ke zaune a Agadir, ya ba shi kwantiragin lokacin zafi, da alkawarin in ya gama lafiya a bar masa na sanyi, lokacin da Turawa ke zuwa da motocinsu na kwana. Sharaɗin ɗaya ne: ranar da kayan wani ya salwanta ta ƙofar, ranar zai ajiye mabuɗi. A shekarunsa, ya san in ya ajiye shi babu mai sake ba shi wani.

"Me ya fita lokacin barcin rana?" in ji Ajudan.

"Motoci, yallaɓai. Kowacce na buɗe bayanta. Amalanken Bihi mai harawa ma sai da na caka masa sanda har ƙasa."

"Ka gusa daga nan?"

"Ko azahar a nan na yi ta. Wallahi rago bai wuce ni ba."

Ajudan ya wuce tantin Hajja Ijju. Ya same ta a kan darduma, jikoki sun kewaye ta, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

"Da hannuna na shafa masa lalle bayan azahar, goshi da gadon baya, yadda uwata take yi," in ji ta. "Ko bushewa bai yi ba na shiga na kishingiɗa. Ɗana, kada ka yi nisa. Ga ɓarawon nan a tantin kusa, mai baƙin ciki da dabbar Allah."

Si Allal take nufi, tsohon malamin makaranta daga Marrakish. Bai musa komai ba.

"Na ce in bai daina kuka ba zan yanka shi kafin liman ya yanka nasa. Na faɗa, kuma in an dawo da shi zan sake faɗa. Kwana nawa ban runtsa ba!"

"Ina kake bayan azahar?"

"A binne."

"A me?"

"A cikin yashi, har wuya, saboda sanyin ƙashi. Rabin bakin tekun nan sun tsaya suna yi min dariya. Je ka tambaye su."

Ajudan ya tambaya, aka sake yin dariyar. Ga shi Si Allal a motar haya ya zo, ba shi da abin da zai fitar da ko kaza. Bihi mai harawa kuwa bai je ko'ina ba, yana nan a gindin katanga daga waje yana ciniki, amalanken ya kusa zama fanko, jakin yana gyangyaɗi.

Aka bi tantuna ɗaya bayan ɗaya. Kowane rago da mai shi a tsaye a kansa, babu mai lalle a baya. Ragon dai ya fita, kuma ta ƙofa. Si Driss ya riga ya miƙa wa Mbarek hannu yana jiran mabuɗi.

"Dakata tukuna," in ji Ajudan.

Ya shiga kai da kawo a bakin ƙofar, wayar na ruri yana kashewa. Rana ta fara yin ja. Motoci na ta shige da fice, masu nemo gawayi da masu kai wuƙaƙe washi, shi kuwa Mbarek, da ke ganin wannan ce yammarsa ta ƙarshe, yana ta aikinsa. Motar wasu samari ta zo, ya buɗe bayanta, ya zura kai ta taga har sai da suka tsarge shi. Ta gaba magidanci ne da iyalinsa. Mbarek ya buɗe bayan motar, ya rufe, ya dawo ya kafe idonsa a kan takalminsa, ya ɗaga ƙarfe. Bai ɗago ba sai da ƙurarta ta kwanta.

Ajudan ya tsaya cak.

"Mbarek, mata nawa ne a motar nan?"

"Subhanallahi! Ni ba na ƙirga matan mutane, yallaɓai."

"Lokacin barcin rana, wace mota ce ta fita da mace?"

"Ta Hmad kaɗai. Wata baiwar Allah ya kai asibiti. Tana kwance a kujerar baya, an lulluɓe ta da lafaya har ka, tana ta nishi."

"Nishi?"

"Mai ban tausayi. Har addu'a na yi mata."

Si Driss ya sauke hannunsa a hankali. Hmad ƙanin matarsa ne. Shi ke riƙe da ƙofar a shekarun baya, har mai zangon ya zo ba sanarwa ya same shi yana sharar barci, ya kore shi. Yanzu yana jigilar mutanen tantuna zuwa kasuwa a tsohuwar motarsa.

Ajudan ya koma gefe ya buga waya guda, sannan ya nufi famfon zangon, Si Driss na biye da shi. Can suka sami Hmad ya wangale ƙofofin mota yana ta dirzar kujera da soso. Cikin zafin nan rigarsa mai dogon hannu ce, maɓalli har wuya.

"Sannu da aiki, Hmad. Wankin Sallah?"

"Eh, yallaɓai."

"Ya mai jiki?"

"Wace... Au! Da sauƙi."

"Matar wa ce?"

"Wata ce daga layin ƙarshe. Ban tambaya ba."

"Ka ɗauki matar mutum ita kaɗai, a kwance, ba ka san mijinta ba? Ashe kai jarumi ne. Wa ya duba ta?"

"Ma'aikaciyar jinya."

"Yanzu muka gaisa da ita ta waya. Tun hantsi ta rufe asibitin ta tafi ƙauyensu. Naɗe hannun rigarka."

"A kan me? Ni ban taɓa ragon kowa ba!"

"Wa ya ce rago?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hmad ya dubi mijin yayarsa, Si Driss kuwa ya dubi teku. Da aka naɗe hannun rigar, damatsansa biyu jajir suke, sai ka ce amarya. Kujerar ma, duk da kumfar sabulu, ga shatin lalle nan ya zauna daram.

Jama'a sun riga sun taru, Ajudan ya yi bayanin a gurguje, mabuɗin motarsa a hannu.

"Katanga ba ta tsallakuwa da rago, don haka ta ƙofa ya bi. Mbarek yana duba ko'ina sai wuri ɗaya, inda mace take zaune. Baƙo ba zai san haka ba, sai wanda ya wuni yana kallon ƙofar nan da baƙin ciki. Hmad ya jira kowa ya kwanta, ya ɗaure ƙafafun ragon da bakinsa, ya rungume shi ya sa a kujera, ya rufa masa lafayar matarsa. Abin da bai sani ba, Hajja ta shafa lalle. Shi kuwa lalle, in ya kama, sai ya ga dama yake fita. Kuma ba naman yake so ba. So yake a kori dattijon nan, shi ya koma kujerarsa ta gadi."

Aka samo ragon a garejin Hmad cikin gari, da ransa, yana tauna gefen lafayar. Aka wuce da Hmad ofishin jandarma.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Si Driss, da ya san abin da ke jiransa a gida wajen matarsa, ya juyo kan Mbarek.

"Sharaɗi sharaɗi ne. Kaya ya fita ta ƙofarka."

Hajja Ijju ta miƙe, ta gyara ɗankwali.

"Si Driss, in mutumin nan ya ajiye mabuɗi, kafin a sauko daga Idi babu tantin ɗan garinmu Tarudant ko ɗaya a filin nan. Kuma ni zan buga wa mai zangon waya in gaya masa dalili."

Si Driss ya sassauta. "Ya zauna. Amma daga yau zai leƙa kowace mota, da mace ko ba mace. In ba zai iya ba, ga hanya."

Mbarek ya dubi ƙasa. Tun yana yaro ubansa ya koya masa sunkuyar da kai a gaban mata, a haka ya yi furfura, yau kuma an ce ko ya ɗago ko ya koma gida ya zauna. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Kafin magariba mota ta tsaya a ƙofa, ɗan Hajja ne zai kai ta sayo gishiri da yaji, ita da surukarta da 'yan mata uku a baya. Mbarek ya buɗe bayan motar, ya rufe. Ya zo daidai taga ya tsaya, gumi na bin wuyansa, Si Driss na kallo daga ofis.

Hajja ta sauke gilashi da kanta.

"Ɗago, ɗan'uwana. Ni na ba ka izini. Duba da kyau, cikinmu akwai mai ƙaho?"

Mbarek ya ɗago. 'Yan matan suka fashe da dariya, shi kuwa idonsa ya cika da ƙwalla.

"Babu, Hajja," in ji shi. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ɗaga ƙarfen.