Albashin Illo

"Inde, zauna. Tambaya zan yi miki, kuma gaskiya nake so."

Ko ruwan da ta miƙa masa bai karɓa ba. Daga Maraɗi ya dawo, daga biron kumandan, wato ofishin Bafaranshen da ke mulkin ƙasar, kuma tunda ya shigo gida bai dubi fuskarta ba.

Illo ma'aikacin gwamnati ne, mai yi wa shanu allura, kafin Faransawa su ɗauke shi soja. Ya yi shekaru a can bakin yaƙi, bai daɗe da dawowa Madarumfa ba, da rama da ɗan ɗingishi. Matarsa Inde ta jira shi a gidan uwarsa Tani, tana soya kifin tabki tana sayarwa ranar kasuwa.

Ya ce mata an kira shi biro ne kan albashinsa. Doka ita ce in an ɗauki ma'aikaci soja, a tsayar da albashinsa na farar hula. Nasa sai aka manta, aka yi ta biya har kusan shekara. Yanzu an gano, ana son dala ɗari huɗu su dawo, ko a riƙa yanke rabin albashinsa, ko a karɓe garkarsa ta bakin tabki.

"Kuma sun ce matata ce ke zuwa tana karɓa. Tana dangwala yatsa."

Inde ta dafe ƙirji. Ta rantse masa ita ko ƙofar biron ba ta sani ba. Idonsa na ta yawo a ɗakin, daga sabon zanenta zuwa ƙoran da ta jera, har awakinta biyu da ke ɗaure a tsakar gida. Ta ce duk kuɗin kifi ne, ya tambayi kowa a kasuwa.

"Kifi..." in ji shi a hankali. "To, komin nan, magatakardan da ke biyan albashi a biron, kin san ko wane ne? Shu'aibu ne. Wanda ya nemi aurenki kafin ni."

Wannan ta fi mata zafi. Sai hawaye.

Daga ranar gidan ya canza. In ta fita ɗebo ruwa, sai ta waiwaya ta gan shi tsaye bakin zaure yana kallon hanyar da ta bi. In ta dawo kasuwa, sai ya tambayi wa da wa ta gani. Mutumin da a da yake ce mata "sanyin idona", yanzu ko sunanta da ƙyar yake kira.

Ita ma zuciyarta ba ta bar ta ba. Ta tuna Sule, ƙanensa, ya yi aure a shekarar nan da ake magana, alhali gero bai yi ba. Ina ya samu dukiyar aure? Wani lokaci kuma sai ta ce ko Illo ya bar wata mace a can inda ya fito, yana neman dalilin rabuwa da ita ne. Har ta kai in Sule ya gaishe ta, sai ta amsa a ciki.

Tsohuwa Tani kuwa ba ta sa baki ba. Ta dai rage cin abinci, ta ce cikinta ne. Inde ta je ta durƙusa gabanta, ta roƙe ta ta gaya wa ɗanta irin zaman da suka yi a bayansa. Tani ta kau da kai, ta ce magana tsakanin miji da mata ba tata ba ce. Inde ta tashi tana mamaki, don tare suka ci wuya, tare suka yi kukan rashinsa.

Da aka aiko gardi, ɗan sandan biro, cewa Illo ya kawo matarsa a gwada yatsanta, Inde ta ce za ta je. Amma ta gaya masa daga Maraɗi ba za ta dawo gidan nan ba, Safo za ta wuce, gidan ubanta. Bai hana ta ba.

Da safe ta ɗaure kayanta ta fito. Illo na tsaye da jaki. Sai ga Tani ta fito daga ɗakinta da sandarta, ta yafa zanen tafiya.

"Ajiye kayanki, 'yar nan. Ni za a kai."

Illo ya saki igiyar jakin. "Inna... ina za a kai ki?"

Ta zauna kan turmi, ba ta dube shi ba, ta faɗi komai. A shekarar da ya tafi, labari ya zo cewa jirgin ruwan da ya ɗauki samarin ƙasar nan ya nutse. Gida biyu a unguwar har sun yi zaman makoki. Wani gardi ya raɗa mata cewa akwai kuɗi da sunan ɗanta a biro, amma matarsa kawai ake ba. Sai ita Tani ta riƙa ce wa Inde za ta je gaida 'yar'uwarta, ta je ta lulluɓe fuska, gardin ya tsaya mata shaida, ya ɗauki rabonsa. Sauran ta sayi baƙin sa da awaki, aka yanka wa iskokin gidansu a gindin tsamiyar kakanni, don su maido mata ɗanta.

Ta ce ta ɓoye wa Inde don uban Inde malami ne. Da shi Illo ya dawo kuma, sai ta ga ya kama salla ba ya fashi, ta ji tsoron ya ƙyamace ta. Ga tsoron kaso.

"Da kuɗinka na fanshe ka," in ji ta. "Ban yi nadamar wannan ba. Abin da ya hana ni barci, ina kallo kana cin mutuncin yarinyar da ta ci da ni, na yi shiru."

Illo ya durƙusa gabanta, ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago, ya ce babu inda za ta. Shi zai je ya ce gidansa ne suka ci, a yanke albashinsa har a gama, ba zai ambaci sunan kowa ba.

Sannan ya juya wajen Inde, idonsa jajir. "Inde... ki yafe mini."

"Maganar kuɗi na yafe, maigida," ta ce. "Ni ma na zargi Sule, kuma zan nemi gafararsa. Amma ka haɗa ni da wani namiji. Ni da na yi shekaru ina kallon hanya..."

Ta ɗora kayanta a ka, ta yi wa Tani sallama, ta fita.

Ya biyo ta, ya bar jakin a nan. Ba ta waiwaya ba, amma tana jin takunsa a baya, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Suka wuce garkoki, suka wuce masunta. Ta ƙara sauri, shi ma ya ƙara, numfashinsa na fita da ƙyar. A bakin gulbi ta tsaya.

"Ƙafarka za ta kumbura. Koma gida."

Ya ce ko da rarrafe ne sai ya kai Safo.

Ta dube shi, karo na farko tun safe. Ta share hawaye da bakin zane, ta sauke kayan ta miƙa masa.

"To riƙe. Safo dai sai na je. In mun isa, kai za ka gaya wa babana da bakinka abin da ka ce mini. In ya yarda na biyo ka, zan biyo ka."

Illo ya karɓi kayan ya ɗora a ka. Ta rage sauri, suka shiga ruwan tare.