Ramin da Yatsa Ya Nuna

A wani gari an yi wata yarinya mai yawan tambaya. Kullum yayarta sai ta cinye ta a wasan sunuka na kwamfutar gidansu.

"Yaya, me ya sa ƙwallonki ke bugun gefe ta faɗa rami?"

"Sa'a ce, ke kuwa ba ki da ita."

Yarinya ba ta yarda ba. Ta buga, ta duba. Ta gyara, ta buga, ta duba. Ashe yadda ƙwallo ta karkata ta je, haka take karkata ta dawo!

Ran nan suka kara. Yarinya ta ɗora yatsa a kan wani rami.

"Yaya, ga inda sa'ata za ta faɗa."

Ƙwallo ta bugi gefe, ta gangara, sulum!

Yayar ta matso da kujera. "To, nuna min."