Injin Hamman da Ƙafar Ruma'isa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammacin kaka ba. An gama yankan gero, shanu sun dawo sun kwanta suna tuƙa, hayaƙin murhu ya tashi a rugar Hamman da ke tsakanin Dungas da Yekuwa. Hajja, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Daga saurar da ke bayan gida ƙarar inji na zuwa tana komawa.

Injin yankan ciyawa ne, irin wanda mutum ke hawa ya zauna kamar a kan ƙaramar tarakta, wuƙa na juyawa a ƙarƙashinsa cikin faffaɗan murfi na ƙarfe. A Damagaram Hamman ya sayo shi, hannu na biyu, don ya tara wa shanunsa abincin rani ba tare da ya kwashe wata guda yana sunkuye da lauje ba. Makanikin da ya sayar masa ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ya ce ya zagaya fili da ƙafa ya tsince dutse da guntun ƙarfe kafin ya tayar. Kada kowa ya tsaya kusa. Kada ya zuba esans, wato man fetur, alhali injin na da zafi. Kada hannu ya je wajen wuƙa sai an kashe, an zare makulli, an cire wayar buji mai ba inji wuta. Hamman ya ce to, irin to ɗin mutumin da hankalinsa ya riga ya hau mota.

Akwai kuma wata 'yar waya a ƙarƙashin kujerar, aikinta ɗaya: da mai tuƙi ya ɗaga, inji ya mutu. Ita ce ta dami Hamman. Batirin ya tsufa, duk saukar da zai yi ya kawar da reshe sai ya sha wahalar tayarwa. Sai ya haɗe wayoyin biyu ya ɗaure da leda. Mutum ya ga abin da aka sa don tsaron ransa, ya ce shi ne ke ɓata masa lokaci.

A tsakiyar saurar akwai wani ɗan kwari, faɗinsa bai wuce tabarma uku ba, da tsohon kalgo a gefe. Ba a noma shi, ba a yanke masa ciyawa. Ƙasar nan rairayi ce, sai ka yi yinin tafiya ba ka taka dutse ba, amma kewaye da kwarin akwai duwatsu bakwai baƙaƙe, kowane kamar dunƙulen hannu. Marigayi mijin Hajja ne ya ɗauko su a kan jaki daga nesa ya jera, ya ce wurin na da masu shi. Mai lauje a sunkuye yake, idonsa a ƙasa, da ya kai kan dutse sai ya yi sallama ya kauce. Shekara arba'in haka ake yi, ba wanda ya taɓa jin ko tari daga wurin. Amma wanda ya ɗare kan kujera ciyawa kawai yake gani.

Rana ta yi ja. Hajja ta aiki jikarta Ruma'isa, 'yar shekara goma sha huɗu, ta ce ta je ta gaya wa ubanta ya kashe abin nan, magariba ta kawo kai. Ba ta kiran sunan Hamman, ɗan fari ne. Yarinyar ta je ta tsaya a gefen saura tana ɗaga hannu. Ya gan ta, ya nuna mata da yatsa saura layi ɗaya. Bai ce ta matsa ba.

Wuƙa ta sami dutsen farko. Ƙarar ta kai har rugar maƙwabta. Dutsen ya fita ta gefe ya wuce ta saitin kunnen Ruma'isa. Hamman ya firgita ya yi tsalle ya sauka wajen 'yarsa, injin kuwa bai mutu ba. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, a hankali, kujerarsa wayam, ya gangara cikin kwarin ya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, ya je ya tokari kalgo. Can ya tsaya yana gurnani har Hamman ya iso ya murɗa makulli.

Babu jini a ciyawar, babu gashi, babu komai. Sai wani wari kamar an babbaka ƙaho. Ruma'isa tana tsaye inda take, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ubanta ya tambaye ta ko ta ji ciwo. Ta dube shi ba ta amsa ba. Suka turo injin gida aka sa shi ƙarƙashin rumfa.

Washegari da faɗuwar rana dutse ya faɗo tsakar gida, dab da turmi. Aisa, matar Hamman, ta leƙa bayan darni ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Haka har bakwai, da tazara tsakaninsu, kamar mai jifan ba ya sauri. Hajja ta tashi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta gane su. Ta zuba a tsohuwar tukunya ta rufe, ta ɗora turmi a kai. Da magaribar washegari ta yi suka sake faɗowa, su ɗin dai. Tukunyar na nan a rufe, ba komai a ciki.

Ba a yi kuka a gidan ba. Kowa ya ci gaba da abin da yake yi, sai dai a hankali, kamar masu tafiya cikin ruwa. Aisa na tatsar nono, Hamman na kai shanu rijiya ya dawo. Ruma'isa ta daina magana. Tana cin abin da aka sa mata a baki, tana zama inda aka zaunar da ita. An kai ta likita a Dungas kan kabu-kabu, aka auna jini, aka duba ido, aka ce ba a ga zazzaɓi ba.

A rana ta uku, bayan dutse na bakwai, ta miƙe da kanta. Ta nufi rumfa, ta zauna a ƙasa, ta cire takalmi, ta tura ƙafarta ta hagu ƙarƙashin murfin wuƙar har idon sawu. Sai injin ya yi tari sau ɗaya, kamar mai son tashi. Makullin na jikinsa, Hamman bai taɓa zare shi ba tun da ya saye shi.

Hajja ce ta finciko ta. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, amma ta ja yarinyar a ƙasa har bakin murhu. Sannan ta koma ta zare makullin ta ƙulle a bakin zanenta. Ta sa ɗanta ya nuna mata wadda ake kira wayar buji, ta cire da hannunta. Ta sa ya tsiyaye esans ɗin cikin bido, wato jarka, ya kai can bayan garke, nesa da wuta. Duk wannan ba ta ɗaga murya ba.

“Abin da aka ce ka yi tun farko ke nan,” ta ce. “Aljani bai ɗaure waya da leda ba.”

Hamman ya sunkuyar da kai.

Duk da haka, kowace magariba sai a ji injin ya yi tarin nan guda, ba mai, ba makulli. Kowace magariba sai Ruma'isa ta miƙe. Hajja ta ɗaure ƙugun yarinyar da nata da zane guda, suna zaune tare kamar awaki a turke ɗaya. Ƙarfin yarinyar yana ƙaruwa. A rana ta biyar ta ja tsohuwar har rabin tsakar gida, kuma da aka duba aka ga wayar buji ta koma wurinta. Hajja ta sake cire ta.

A rana ta shida Hamman ya ɗaura amalanke ya ɗauko Malam Sidi daga Yekuwa. Dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, ya yi shekaru yana yi wa masu irin wannan lalura karatu. Da ya iso bayan la'asar bai fara da yarinyar ba. Ya je ya zagaya injin, ya tambaya ko ya mutu mutuwar gaske. Hajja ta ce ita ta kashe shi da hannunta, in malam na shakka ya sa nasa hannun ya gwada. Malam Sidi ya ce ya yarda, yana da sauran amfani da yatsunsa.

Aka shimfiɗa tabarma. Aisa ta riƙe kafaɗun 'yarta, Hajja ta riƙe ƙafafu. Malam ya yi alwala ya zauna wajen kanta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa. Inuwar darni ta miƙe ta rufe tsakar gida. Dutse bai faɗo ba ranar. Can sai yatsun ƙafar hagu suka fara rawa, sannan bakin Ruma'isa ya buɗe, wata murya ta fito, ta babbar mace, a gajiye.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Malam ya tambaye ta ko Musulma ce, ta ce e. Ya tambayi abin da ya kawo ta jikin 'yar mutane. Ta ce a kwarin nan ta haifi 'ya'yanta duka, kuma tsohon gidan nan ya san da su, ya yi musu iyaka, su ma ba su taɓa ƙetarewa ba. Ranar nan ƙaramin ɗanta na kwance cikin ciyawa.

“Da mutum ne ya shigo, da na gan shi,” in ji muryar. “Muna jin ɗan Adam tun daga nesa, mu janye yaranmu. Wannan abin ya shigo ba kowa a kansa. Ba ya numfashi, ba ya sallama. Ban san ta inda zan tare shi ba.”

Ta ce ƙafar yaron ta hagu ta tafi daga idon sawu. Ƙafa take so a madadin ƙafa, kuma da wuƙar da ta yi wancan aikin.

Malam Sidi ya ce mata yarinyar ba ta yi laifi ba, aike aka yi mata, kuma ita da ta ce Musulma ce ta san ba a kama wani da laifin wani. Muryar ta ce to a ba ta mai laifin. Hamman na tsugune a gefe tun ɗazu. Ya zauna, ya cire takalminsa, ya miƙo ƙafa kan tabarma.

Hajja ta saki ƙafar jikarta guda ta ture tasa da gwiwar hannu.

“Mayar da abarka. Wa zai bi shanu?” Sai ta juya ta fuskanci bakin da muryar ke fitowa, kamar tana magana da maƙwabciya ta kan darni. “Baiwar Allah, ni ma uwa ce. An cuce ki, ban musa ba. Amma in kin yanke wannan, ta ɗanki ba za ta tsiro ba. Wuƙar ce ta yi. Ki ɗauki wuƙar.”

An daɗe ana ja. Malam na karatu, yana tsayawa, yana tambaya. Muryar ta ƙi, ta sake ƙi, sannan ta fara sassautowa. Ta ce a cire wuƙar a binne a cikin kwarin, ta zauna a hannunta. A mayar da duwatsun yadda suke. Hamman ya zo da ƙafarsa ya tsaya a bakin iyaka ya nemi gafara da bakinsa. Malam ya karɓa, ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafar da ta shiga.

“Zan fita,” ta ce. “Amma kwana shida ina riƙe da ita. Abin da aka riƙe haka ba ya komawa yadda yake.”

Malam ya matsa mata ta faɗi abin da take nufi. Ba ta ƙara magana ba. Ƙafar ta miƙe ta sandare, yatsan ya karkata, sannan ta saki. Ruma'isa ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce da uwarta tana jin ƙishirwa.

Da sauran haske aka cire wuƙar. Hajja ta tsaya a kai, ta sake duba wayar buji da idonta kafin ta bar ɗanta ya durƙusa. Ya naɗe hannu da tsumma, ya tokare wuƙar da guntun itace, ya kwance ƙusar. Bakin wuƙar ya lanƙwashe a wuri guda. Duwatsun bakwai kuwa aka same su cikin tukunyar, a ƙarƙashin turmi. Hamman ya zuba su da wuƙar a buhu, shi da Malam Sidi suka tafi saura. Abin da ya faɗa a can ba wanda ya tambaye shi.

Ba a sake jifa ba. Injin na nan a rumfa, kaji na kwana a kan kujerarsa. Ragowar ciyawar bana da lauje aka yanke ta.

Ƙafar Ruma'isa tana nan. Tana takawa, tana zuwa rijiya, tana daka. Sai bayan kwana biyu Aisa ta ga sawun jini daga garke har ɗaki, aka duba aka sami ƙayar aduwa ta shige tafin ƙafar hagu har rabi, yarinyar ba ta sani ba. Aka gwada da allura, aka gwada da ruwan ɗumi. Daga idon sawu zuwa ƙasa ba ta jin komai. An koma likita, an koma wurin Malam Sidi. Kowa ya yi abin da ya iya.

Yanzu kowace yamma, kafin haske ya tafi, Hajja na kiranta. Ta zauna, ta ɗora ƙafar a kan cinyar kakarta. Tsohuwar ta wanke ta, ta bi tafin da babban yatsa, ta buɗa tsakanin yatsu, ta cire ƙarangiya da duk abin da ya maƙale. Ruma'isa na kallo kamar ƙafar wata ce aka ba ta ajiya.

“Nan fa?” in ji Hajja, ta danna.

“A'a.”

Sai ta gyaɗa kai, ta shafa man shanu, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya da hannu.

“Biyar ne, Hajja. Jiya ma kin ƙirga.”

“Na sani,” in ji tsohuwar. “Sa takalminki.”