Kwalbar da Haladu Ya Hana

"Ka yi masa allurar nan, Haladu... don girman Allah!"

Safiyatu ta tare ƙofar garken awakin, mayafinta ya zame, idanunta sun yi jajir.

Haladu ya mayar da 'yar kwalbar cikin akwatin ƙanƙara ya rufe.

"Ba zan iya ba, sanyin idona."

"Ba za ka iya ba, ko dai ba za ka yi ba?"

Haladu ma'aikacin ɗakin bincike ne a jami'a. Da kuɗin fetur suka buɗe wa gwamnati, aka turo shi Wudil ya kama fili a Sabon Gari ya zuba awaki. A hannun mahaifinta, Malam Gwadabe, ya saye su, a nan kuma ya fara ganinta tana auna dusa. Aikinsa shi ne ya yi wa akuya allurar wani sinadari da ake samu a jijiya. Idan jikinta ya haɗa garkuwa a kansa, sai ya ɗebi jini kaɗan ya tace. Da ruwan nan ake bin sawun sinadarin, a ga yadda yake taimakon tsinkakkiyar jijiya ta sake haɗuwa.

Ita kuwa abu ɗaya kunnenta ya riƙe: jijiya na haɗuwa. Tun da motar siminti ta kife da yayanta Isyaku a bakin gada, hannunsa na dama yake lilo kamar tsumma.

"Wannan ba magani ba ne, Safiya," in ji Haladu a hankali. "Alama ce kawai, kamar shuni a jikin zare. In na zuba masa a jiki, zan iya kashe shi."

"To mene ne amfaninsa?"

"Wataƙila wata rana... ko jikokinmu."

"Jikoki! Yaya ko loma ba ya iya kaiwa baki, kana yi mini zancen jikoki?"

Ta juya, yana kira ba ta waiwaya ba.

Barakatu, 'yar kawunta, ta daɗe tana son Haladu a zuci. Da ta ga ɓaraka, sai ta bi gida gida.

"Jini yake tarawa a kwalabe! Ina kuke tsammanin ya samu babur sabo fil? Yau na akuya, gobe na amarya!"

Magana ta kai har ƙauyen Kausani, dangin da ke can suka tayar da hankali. Malam Gwadabe ya sa aka kira Haladu zaure, ya kuma kira 'yarsa.

"Ke kika fi kowa zuwa garken nan. Me yake yi da jinin?"

Ta sani sarai. Ya sha zaunar da ita a kan buhun dusa yana zana mata jijiya a ƙasa da tsinke. Amma ta hango Isyaku a tsakar gida yana kokawa da maɓallin riga da hannu ɗaya, zuciyarta ta ƙeƙashe.

"Ban sani ba, Baba."

Haladu ya ɗago ya dube ta.

"Safiya..."

Ta sunkuyar da kai.

Washegari aka mayar masa da kayan toshinsa.

Damina na ƙarewa wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Wani likitan fiɗa ne daga Kano ya aiko a kai masa Isyaku. Ashe tun kafin rigimar, Haladu yake sintiri ofishinsa yana roƙo, bai faɗa wa kowa ba, gudun kada ya sa musu rai a banza. Aka yi aikin. Watanni suka shige, ranar nan babban yatsan Isyaku ya motsa.

Gida ya kaure da guɗa. Safiyatu ta zari mayafi ta nufi Sabon Gari, ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Ta tarar da masu buga bulo a filin.

"Mai awaki? Ai gwamnati ta tura shi karatu Turai, 'yammata."

A nan ta durƙusa, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Shekaru suka ja kafin Haladu ya sake taka Wudil. Ya zo a mota da matarsa Saudatu da 'yar ƙaramar yarinya, don duba Isyaku. Isyaku ya miƙa masa hannun dama, babu ƙarfi sosai, amma ya riƙe nasa.

Safiyatu ce ta fito da ruwa. Lokacin tana koyarwa a firamare, duk mai neman da ya zo sai ta ce a dakata.

"Sannunku da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau... Kun gano abin da kuke nema?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Har yanzu muna bin sawu."

Maganganu suka cika mata baki, ta rasa ta inda za ta fara. Yarinyar ta shanye ruwan, ta miƙo mata moɗar, ta ja rigar ubanta.

"Abba, wace ce wannan?"

Haladu ya dubi Safiyatu.

"Ƙanwar abokina ce. Gaishe ta."

Yarinyar ta rusuna. Safiyatu ta amsa, ta shafa kanta, ta koma cikin gida kafin a ga fuskarta.