Allura Na Hawa, Inji a Kashe

Ku matso nan. Kai Sallau, rage fitilar nan, labarin ba ya son haske. Wanda ya san yana fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Haladu Sifana, ƙanen babarku, mai gareji a gindin tsamiyar hanyar Falgore? Ni na koya masa riƙe sifana, ko da yake in kun tambaye shi zai musa.

To, garejin nan yana da doka. Ba a zubar da ruwan lagireto mai zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, an ce a kauce. Don tsamiyar da masu ita, kuma a gindinta 'ya'yansu suke wasa. Kowa ya sani. Haladu ma ya sani. Amma ran nan da azahar yana sauri, ya kwance ruwan wata tifa yana tafasa, ya sheƙa shi a saiwar tsamiya bakinsa ƙum. Ya ji wani ɗan ƙara, tsiii, kamar an taka ɗan kyanwa. Ya waiga, ba komai. Ya ci gaba da aikinsa.

Magariba ta kawo kai. Sauran makanikai sun wanke hannu sun nufi masallaci. Shi kaɗai ya rage yana tattara kaya.

Sai ga baƙar jif tsaye a bayansa. Bai ji zuwanta ba. Ko ƙarar tsakuwa.

Wani dogon mutum ya fito, farar riga har ƙasa tana jan ƙura.

"Kai ne bakaniken?"

Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Ni ne, Alhaji. Amma mun tashi, sai gobe."

"Yau nake so. Injina mai tobo ne, zafi yana yi masa yawa. Ma'aunin zafin salansa za ka sa mini."

Ya miƙo masa ɗan ƙarfe kamar ƙusa mai doguwar waya, da agogonsa mai allura. Kun san kawunku da son a ce ya iya. Ya ce, "Alhaji, duk hanyar nan ba mai sa wannan sai ni."

Ya shige ƙarƙashin mota. Aikin nan da sarƙaƙiya, ku ji da kyau. A wuyan salansa ake huda rami, kaɗan kafin hayaƙi ya isa tobo, inda ya fi zafi. In ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki, ya shiga tobo, shi ke nan, farfelarsa ta tashi aiki. Haladu ya dangwali giris ya shafe bakin diril, don garin ƙarfen ya maƙale. Ya huda a hankali. Ya zura maganaɗisu ya tsince abin da ya saura. Ya ɗaura ƙusar, ya tsuke noti, ya ja waya ya haɗa da agogon, ya ba shi wuta daga batir.

Allura ta motsa.

Inji a kashe yake fa. Ba wanda ya taɓa makulli.

Ya ce ko waya ce ta haɗu. Ya kwance, ya sāke ɗaurawa. Allura ta ƙara hawa. Ya dafa salansa, sanyi ƙalau kamar randa.

Alhajin ya ja da baya. Allura ta sauka. Ya matso. Ta hau.

Haladu na kwance a ƙasa, ya juya kai a hankali. Iska ta ɗage gefen farar rigar. Kofato. Irin na jaki, har da gashi.



"Fito, ɗan Adam. Aikinka ya yi kyau."

Ya fito da rarrafe, agogon a hannunsa.

"Na ga ka shafa giris don kada ƙwayar ƙarfe ta cuci tobo. Ƙarfe ka tausaya wa. Ruwan da ka zuba da azahar fa? Ka duba wa ke wurin?"

Gilashin baya ya sauka da kansa. Wata mace a zaune, ta juya baya. A kafaɗarta ɗan yaro, gadon bayansa duk ya saluɓe. Yaron ya buɗe baki. Tsiii.

Allura ta yi tsalle.

"Ba zafin inji take aunawa ba," in ji Alhajin. "Zuciyata take aunawa. In ta taɓa jan layin nan, ka shiga mota mu tafi. Ba ka dawowa."

Haladu ya kama Ayatul Kursiyyu, ya haɗa ta da addu'ar cin abinci.

"Ka tsallake rabi," in ji mutumin. "Mu ma muna salla. Kai da ka ji kira ba ka tafi ba."

Yaro na kuka. Allura na hawa. Saura kaurin farce ta taɓa jan layi.

Me bakanike ya sani na magani? Abu ɗaya. Duk wanda ya ƙone ko ya yanke a gareji, man birki ake tsiyaya masa. Kada in ji wani ya gwada wa ɗan mutum, haukan makanikai ne, ni ma da na fi su hankali ga tabona. Haladu ya rarumo gwangwanin, ya durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Hajiya, ki yi mini aikin gafara. Miƙo shi."

Ba ta juyo ba. Hannunta ne kawai ya miƙe, ya yi ta miƙewa, har ya ajiye yaron a cinyarsa. Ba nauyi, sai zafi kamar garwashi.

"Bisimilla," in ji Haladu, da ƙarfi, har tsuntsayen tsamiya suka tashi. Ya tsiyaya. Fuuu, sai tururi.

Yaron ya yi shiru. Ya yi atishawa. Ya kama gemun Haladu ya ja, yana dariya.

Allura ta tsaya. Ta yi rawa. Ta soma sauka a hankali.

"Kalmar nan kaɗai muka nema da azahar," in ji Alhajin. "Da ka faɗe ta, da uwarsa ta janye shi."

Haladu ya sunkuya zai ba da haƙuri. Da ya ɗago, ba jif, ba mutum, ba sawun taya. Masu dawowa daga masallaci suka iske shi a durƙushe, wando sharkaf, ya ce ruwan lagireto ne. Ƙusar ma'aunin kuwa tana ɗaure tsam a saiwar tsamiya, da giris ɗinta da notinta. Itace ya huda.

Har yau tana nan, an kasa kwance ta. Agogon yana rataye a reshe, ba batir. Da rana allurar a kwance take. In magariba ta yi sai ta ɗaga kai.

Shekaranjiya da magariba na biyo ta wurin ni kaɗai, na leƙa. Tana tsakiya, tana hawa. Ni da ba na gudu, sai a ƙofar gida na tuna na bar takalmi.

Don haka kada in ji an aiki ɗayanku gareji bayan la'asar ya tafi shi kaɗai. Ke Ladidi, ruwan zafin nan da kika zubar a bayan ɗaki ɗazu, me kika ce?