Takun da Allura Ba Ta Ji Ba

Sai dare Laure 'yar Damagaram take aiki a ɗakin bincike a garin Tamanrasset, don allurar na'urarta mai lalubar ƙwayoyin halitta masu rai ba ta son motsi. Ko tari aka yi, sai hoton da na'urar ke fitarwa a allo ya tsage.

Tana kan duba ƙwayoyin fatar raƙumi, sai wani dattijo mai rawani ya shigo yana warin toka.

"'Yata, kashe na'urar nan. Dabbata kike taɓawa."

"Baba, wata uku ina jiran wannan. Wallahi ba na kashewa!"

Ya yi ta zagaya teburin yana buga ƙafa da ƙarfi. Ta juya ga allon a fusace, don ta nuna masa ɓarnarsa.

Hoton sumul yake fita, babu tsaga ko ɗaya, kamar ba ɗan Adam ne ke takun ba.